Yadda Muke Tayar da Tsohuwar Tarakta Mai Taya Biyu

Ƙaramar taraktar nan da mutum ke riƙe hannayenta yana bin ta a baya, ita aka fi kawo mana gareji, galibi daga masu lambu da manoman shinkafa na wajen Kura da Kadawa. Yawanci ƙirar ƙasar Sin ce mai injin S195: silinda ɗaya a kwance, ƙarfin doki 12, man gas yake sha, da hannu ake tayar da shi. Ƙarfen da ne, mai nauyi. Ko ta yi shekaru a bayan rumbu kaji na kwana a kanta, muddin jikin injin bai tsage ba, za ta tashi.

Da farko mukan gwada juya babban gargaren injin. In ya ƙi, ruwan sama ne ya bi ta salansa ya shiga, tsatsa ta ɗaure fistin. Ba ma sa masa guduma. Mukan cire kan injin, mu ɗaga gaban ya kalli sama, domin a kwance man ba zai kewaye fistin ba, sannan mu zuba gas da kananzir, mu bar shi ya jiƙa kwanaki, kullum ana ɗan girgiza gargaren gaba da baya har ya saki. Mai gaggawa shi ke lanƙwasa sandar fistin.

Sai a duba baƙin mai. In ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa robobin da ke ɗaure a gindin silinda ne suka ƙone. Injin nan ba shi da lagireto, tukunyar ruwa ce a samansa, tana tafasa tana ƙafewa. Ruwan rijiya da na kwata suna barin ɓawo a ciki, zafi ya kasa fita. Mafi muni, mutum ya bari tukunyar ta ƙafe sannan ya sheƙa ruwan sanyi: nan take kan injin ke tsagewa tsakanin bawul biyu. Mukan kankare ɓawon nan tas kafin a ɗaura komai.

Abin da ya fi kashe injinan nan ƙura ce. Matatar iskarsu mai ƙoƙon baƙin mai ce a ƙasa, amma da wuya a kawo mana wadda ƙoƙon bai bushe ya cika da laka ba. Ƙurar hunturu sai ta wuce kai tsaye ta cinye ringi da silinda, inji ya rasa matsi, a yi ta murɗa shi har kafaɗa ta gaji. A nan ba ma canja ringi kaɗai. Silinda da fistin da ringi tare suke tafiya, kuma bakunan ringin a warwatse ake jera su, kada su haɗu a layi ɗaya. Nan ne kuma kayan jabu ke ɓata mana suna. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma ringin ba ya kai kaka guda. Shi ya sa duk wanda muka sayo sai mun zura shi cikin silinda mun auna bakinsa, wanda bai yi ba a mayar wa mai shi.

Bawul mukan goga su da man niƙa har su zauna daram, a daidaita tazararsu injin na sanyi: milimita 0.35 na shigar iska, 0.45 na fitar hayaƙi. Da abin awo, ba da ido ba. Nozil kuma, mai fesa gas cikin inji, sai ya hau na'urar gwaji, mu ga yana fesa hazo yana yankewa tsaf, ba ɗiga ba. A ƙarƙashin famfon mai akwai 'yan siraran faranti da mutane kan zubar suna zaton gaskit ne, alhali su ke saita lokacin feshi. Ka ƙara su feshi ya makara, inji ya yi ta farin hayaƙi. Ka rage ya yi wuri, ya riƙa ƙwanƙwasa. Haka alamomin da ke jikin haƙoran giya, haƙori ɗaya ya kauce a sandunan daidaito masu rage girgizar inji, taraktar za ta yi ta karkarwa tana kwance notuna.

Bel-bel ɗin da ke kai ƙarfi ga kuloci gaba ɗaya ake canja su, sabo da tsoho ba sa ja daidai. A garmar baya, karan shinkafa kan nannaɗe sanda ya yanke robar mai, ruwan laka ya shiga ya ci boris. Wuƙaƙenta akwai na dama akwai na hagu, aka ruɗa su sai ta tara ƙasa gefe guda.

Fenti shi ne ƙarshe, bayan ta yi awanni tana juyawa ba kaya, jar alamar da ke nuna matsin baƙin mai ta ɗago ta tsaya, an zubar da man farko. Masu wanke tsohon inji su fesa masa ja su sayar a matsayin gyararre sun sa mai kaya na ganin kuɗinmu ya yi yawa, ya zauna yana ta neman ragi. Mukan ajiye masa tsofaffin kayan da muka cire a buhu, ya gani da idonsa. Mai son gyara ya kawo tun ana girbin damina, kafin aikin rani ya kankama gareji ya cika.