Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Bencin Bahago

Makon jiya na yi alkawarin labarin aurena da Hajiya, amma maganar Baffa ta hana ni sakat, sai auren ya ɗan jira. "Benci ba ya bin yaro, yaro ke bin benci." Haka yake faɗa mini a warsharsa, wato shagonsa na kafinta, da ke Madani a ƙasar Sudan, tun ranar da Inna ta ɗauko ni daga Mai Wurno ta damƙa masa. Allah ya ji ƙansa, ya ci da ni, ya tufatar da ni, amma a wannan magana bai yi mini adalci ba, kuma 'ya'yansa sun sani.

Ni bahago ne. An sha fama da ni a gida kan cin tuwo har na koma dama, na kuma gode, don sunna ce. Har gobe da dama nake ci, da ita nake gaisawa. Amma zarto da fara, wato abin gogar katako, hannuna na hagu ne ya san su. Na taɓa tambayar malaminmu na allo, ya ce shi bai ga inda aka hana riƙe zarto da hagu ba. Na kai wa Baffa wannan, ya ce malam ya tsaya ga allonsa.

Wanda bai yi kafinta ba zai ɗauka benci tebur ne kawai. Bencin mai dama, manjalar da ke matse katako tana gaba ta ɓangaren hagu, ɗan turken da ke tare katako shi ma yana hagu, domin mai dama daga dama yake tura fara zuwa hagu. Ƙarfinsa duk yana tafiya ne wajen abin da ya riƙe masa aikin. Ni kuwa daga hagu nake turawa zuwa dama, inda babu abin tarewa. In na ɗora ƙafar angarib, wato gadon katako mai saƙar igiya, na kai fara, sai icen ya sulale ya faɗi ƙasa, bakinsa ya ɓantare. In dogon katako ne a manjala, wutsiyarsa ta yi ta rawa, fara ta bar tudu da kwari. Tagar ma tana hagu, inuwar hannuna ta rufe layin fensir, in yi ta yanka da ƙiyasi. Baffa ya ɗaga katakon ya kanne ido ɗaya ya duba, ya kira sauran yara su gani. "Kai yaro, wannan aiki ne ko ɓarna?" In ce, "Baffa, bencin ne." Sai ya maimaita mini karatun nasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babban ɗansa, Yaya, ya riƙa yaɗa wa dangi cewa ni malalaci ne. Ko a bikin autarsu, ina da furfura, sai da ya sake faɗa a gaban surukai. Malalacin da ya yi ƙofofin gidan da aka yi bikin a ciki!

Shekarun da na yi a can ba ni da abin faɗa a kansu. Na koyi gogewa da dama dole, aikin yana fita, amma ba daɗi, kafaɗa na ciwo.

Bayan ambaliyar 1988 na kama ɗan shago nawa, kuma kafin in sayi ko kujerar zama na fara da benci. Na samo tsofaffin katakan layin dogo na sunut, icen da mutanen Najeriya ke kira bagaruwa. Dazukansa suna bakin kogi a wajen Sinnar da Sinja, a Suki ake tsaga shi. Ice ne mai nauyi da taurin kai, yana dakushe ƙarfe, amma gara ba ta samun sa da sauƙi, kuma benci mai nauyi ba ya gudu in ana tura fara. Na cire tsatsattsun ƙusoshi, na goge, na haɗa saman: tsawo mita 2, faɗi santimita 60, kauri 8. Tsayin kuwa ban auna da na Baffa ba. Na tsaya na saki hannuna, inda wuyan hannu ya tsaya nan saman bencin ya tsaya.

Manjala na kafa ta a dama, daidai kan ƙafar benci don kada ta yi lilo. Turken tarewa ma dama, na huda masa rami mai kusurwa huɗu, ana buga shi daga ƙasa ya fito, a buga ya koma. A ƙafar hagu na jera ramuka na sa fegi mai ɗaukar wutsiyar dogon katako. Ɗan allon da ake dafe ƙananan katako a kai wajen yanka, na bar masa sarari ta hagu, wurin zarto. Na juya bencin har hasken ƙofa ya riƙa zuwa daga dama. Guduma da kurfi da fensir suka koma hagu, inda hannu zai faɗa musu ba tare da na duba ba. Tef ɗin awo ne kaɗai ya gagare ni: in na riƙe shi da hagu na ja, lambobin a kife suke, na koyi karanta su a haka.

Ranar da na fara gogewa a kansa, katakon muski ne na ƙofa. Na tura, katakon ya tokare turke ya tsaya cak, ɓawon ya fito dogo a nannaɗe daga wannan baki zuwa wancan bai tsinke ba. Na ɗauka na sa a aljihu na kai wa Inna.

Baffa ya zo ganin shago, ya riga ya fara dogara sanda. Ya zaga bencin, ya shafa samansa, ya ce in miƙo fara. Ya ɗora katako ya tura da damarsa, katakon ya sulale ta hagu ya faɗi. Ya sake, ya sake faɗuwa. Na sunkuya na ɗauko masa, ban ce komai ba, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana ba. Ya ajiye fara ya ce, "Allah ya sa albarka." Yaya yana tsaye a wurin, ya gani da idonsa, shi ya sa maganar lalaci ba ta da gafara a wurina.

Yara da yawa sun koyi aiki a hannuna. Masu dama na yi musu nasu bencin, ban tilasta wa kowa nawa ba. Da aka kawo mini wani bahago daga Gadarif, ubansa na ba ni haƙuri tun kafin yaron ya taɓa komai, na ce masa, "Alhaji, ka kawo shi gidansu."

A Disambar 2023 da yaƙi ya iso Madani muka fita da kayan jikinmu zuwa Gadarif, kuma wannan yaron ne ya sauke mu. An kwashe injina da ƙarafa duka, amma maƙwabci ya shaida mini bencin yana nan, nauyinsa ya hana a ɗauka, manjalar kawai aka kwance. Na riga na sayi wata a kasuwar Gadarif, ramukan ƙusoshinta sun yi daidai da na tsohuwar.