Tabon Lamba a Dantse: Shekara Nawa Kariyarsa Take Yi?

Duk wanda ya tashi a hannun dattawan da aka haifa kafin 1980 ya san wannan zagayayyen tabo da ke dantsensu, wanda ake kira lamba, wato tabon rigakafin cutar agana. Da allura mai baki biyu ake yin sa: a tsoma ta cikin maganin, a caccaki fata, wurin ya yi ƙurji, ya bushe, ɓawon ya faɗi bayan kamar mako uku. Tun da ƙyandar biri ta bazu a duniya a 2022 nake tambayar kaina ko wannan tsohon tabo yana da sauran amfani, ganin cewa ƙwayar cutarta da ta agana dangin juna ne.

Abin da na fahimta shi ne kariyar hawa biyu ce. Wadda take hana mutum kamuwa gaba ɗaya tana da ƙarfi na shekara uku zuwa biyar, daga nan sai ta riƙa ja da baya, shi ya sa takardar shaidar lamba ta matafiya take ƙarewa bayan shekara uku a wancan zamani. Amma wadda take hana cutar yin kisa tana daɗewa ƙwarai, kuma wannan ne ya fi taɓa zuciyata. Wani nazari kan waɗanda suka kamu da agana a Turai tsakanin 1950 da 1971 ya nuna cewa kusan rabin waɗanda ba a yi wa lamba ba sun mutu, alhali cikin waɗanda lambarsu ta haura shekara ashirin kimanin kashi 11 cikin ɗari ne suka rasu. A 2003 kuma masu bincike a Amurka sun sami garkuwar a jinin mutane shekara 75 bayan rigakafin.

Game da ƙyandar biri, bayanan da aka tattara a Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu) a shekarun 1980 sun nuna lamba tana ba da kariya ta kusan kashi 85 cikin ɗari, sai dai lambar mutanen ba ta tsufa ba a lokacin, don haka ina ganin kuskure ne dattijo ya saki jiki da wannan adadi a yau.

Sabon rigakafin agana da ƙyandar biri mai suna Jynneos, wanda Amurka ta amince da shi a 2019, sau biyu ake yin sa da tazarar kwana 28, kuma garkuwar da ake aunawa a jini tana raguwa sosai cikin shekara guda. Ma'aikatan ɗakunan gwaji da ke hulɗa da ƙwayar cutar agana ko ta ƙyandar biri ana shawartar su da su sake yi duk bayan shekara biyu.