Dajin da ya cinye gonaki: aikina da tsofaffin taswirorin Karpatiya

Tambayar da aka ɗora mini a aikin digiri na biyu gajera ce: ina daji yake a kudu maso gabashin ƙasar Polan a tsakiyar ƙarni na 19, ina kuma yake yanzu? Yankin wani ɓangare ne na tsaunukan Karpatiya, waɗanda tsawonsu ya kai kusan kilomita 1,500. Hoton tauraron ɗan'adam ba ya kai mutum nesa a irin wannan bincike. Landsat na farko, tauraron ɗaukar hoton doron ƙasa, a 1972 aka harba shi, hotunan leƙen asirin Amurka na shirin Corona kuma daga 1960 suka fara, ba a ma sake su ga jama'a ba sai 1995. Duk abin da ya gabaci haka sai dai a neme shi a takarda.

Takardun kuwa sojoji ne suka bar su. Daular Habsburg ta Austiriya ta yi wa ƙasarta babban safiyo sau uku: daga 1763 zuwa 1787, daga 1806 zuwa 1869, sai daga 1869 zuwa 1887. Lardin Galisiya, inda yankina yake, ya faɗa hannun daular a 1772, aka zana shi tsakanin 1779 da 1783, aka sake auna shi tsakanin 1861 da 1864. Taswirorin biyu na farko ma'auninsu ɗaya, 1:28,800, wato inci ɗaya a takarda gaba 400 ne a ƙasa. Asalinsu na ajiye a ɗakin tarihin soja na birnin Biyana, amma an ɗauki hotunansu an ɗora a intanet.

Taswirar safiyon farko na ajiye ta gefe da wuri. Kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai ba a kafa ta a kan awon kusurwoyi ba, da ido da ƙidayar taku aka yi yawancinta. Tana iya gaya maka akwai ƙauye a kwari kaza, amma ba za ka auna faɗin gona da ita ba. Ta biyu ce aka ɗora a kan lissafi, ita na mayar tushe. Na haɗa ta da taswirar sojan Polan ta shekarun 1930 mai ma'aunin 1:100,000, da hotunan Landsat na baya-bayan nan.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita tsohuwar taswira da ta yau. A manhajar QGIS ana yin sa ne ta hanyar nemo wuri guda a taswirorin biyu a ce wa kwamfuta wannan shi ne wancan. Coci na dutse ya fi komai aminci. Mararrabar hanya ma ba laifi. Mahaɗar rafuka kuwa ban yarda da ita ba, domin ruwan tsauni yana sauya hanya bayan kowace babbar ambaliya. Matsalar tsauni a nan take fitowa: coci da mararraba duk a kwari suke, inda mutane suka zauna. A saman tudu babu abin kamawa, can kuma bakin daji yake, wato kuskure ya fi yawa daidai inda nake son yin awo.

Akwai wata dabarar lissafi da ke miƙe taswira har kowane ɗigo, wato wurin da aka nuna wa kwamfuta, ya hau ɗan'uwansa daidai, kwamfuta ta nuna kuskure sifili. Wannan sifilin ruɗi ne, tura kuskuren kawai aka yi zuwa tsakanin ɗigogin. Abin da na yi shi ne ware wasu wurare da ban nuna wa kwamfuta ba, bayan an gama na auna nisan da suka kauce. Wannan adadin na rubuta a rahoto. A ma'aunin 1:28,800 milimita ɗaya mita 28.8 ce, ga takarda tana ƙanƙancewa idan ta tsufa, saboda haka kaurin alƙalamin mai zane kaɗai ya isa ya haifar da 'yar gona ko ya shafe ta.

Sai karatun launi. Taswirar ba ta da layukan tsayi irin na yanzu. Gangare da gajerun zane-zane ake nuna shi, bisa tsarin da Johann Georg Lehmann ya fitar a 1799: iya tsananin gangare, iya duhun zanen. A wuri mai tsananin gangare tawada kan danne launin da ke ƙarƙashi, ka rasa daji ne ko makiyaya. Irin waɗannan wurare na ba su rukuni nasu na waɗanda ba su karantuwa, ban yi musu canki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kowace taswira da abin da take kira daji. Hafsan da ya zana ta shekarun 1860 damuwarsa inda runduna za ta ɓuya, da inda keken igwa zai wuce, ba ƙidayar itatuwa ba. A lokacin manoma na kiwon dabbobi a cikin daji, akwai fili mai faɗi da ba daji sosai ba, ba makiyaya sosai ba, kowane mai zane kuma da inda ya ja layinsa. Taswirar 1930 kuwa milimita ɗayanta mita 100 ce, ƙananan sarari na tsakiyar daji duk an haɗiye su. Wanda ya ɗora ta kai tsaye a kan ta 1860 zai ga daji ya ƙaru a inda ko tsiro ɗaya bai fito ba. Tsohuwar taswira kamar mai ba da shaida ce da aka kira a wata shari'a daban: gaskiya take faɗa, amma ba tambayarka take amsawa ba. Don haka na daina bin iyakoki ina zanawa. Na shimfiɗa ɗigogi masu tazara iri ɗaya a kan yankin, na duba abin da ke ƙarƙashin kowanne a kowane zamani, na kuma rage rukunai zuwa huɗu: daji, gona, ciyawa, gari. An yi asarar bayani, amma abin da ya rage ana iya tsayawa a kansa.

Canjin da ya fito ya fi ƙarfin duk wani kuskuren awo. A tsaunukan Bieszczady da Beskid Niski, kwaruruka da ke cike da gonaki da jerin gidaje a 1860 da 1930 yau daji ne. Taswira ba ta faɗi dalili ba, sai da na koma littattafan tarihi. Tsakanin 1944 da 1946 an kwashe ɗimbin mazauna yankin zuwa Yukiren ta Tarayyar Sobiyet, a 1947 kuma gwamnatin Polan ta tashi kusan mutum 140,000, 'yan Yukiren da ƙabilun tsauni na Lemko da Boyko, ta watsa su a yammaci da arewacin ƙasar. Gonakin suka zauna babu mai noma, wasu itatuwa suka fito da kansu, wasu hukumar gandun daji ta dasa. Bayan 1989 an sake barin wasu gonakin kan gangare, wannan karon saboda noman ya daina biya.

Akwai abin da jimillar faɗin daji ke ɓoyewa. Ɗigon da ya fito daji a 1860 ya kuma fito daji yau ba lallai daji ɗaya ba ne. A sassa da yawa na Karpatiya an sare gaurayen daji na asali a ƙarni na 19 aka dasa itacen katako iri guda mai ganye kamar allura, wanda ƙwaro da iska ke yi wa ɓarna yanzu. A taswira duk launinsu ɗaya. Shi ya sa na ware ɗigogin da suka fito daji a kowane zamani, na fi ba da muhimmanci ga waɗanda ke nesa da hanya da kan gangaren da fitar da gungume ke da wuya, na miƙa jerinsu ga masu aikin gandun daji. Sai an je wurin an huda itace an ƙirga zobban shekarunsa kafin a kira shi tsohon daji.