Alhamis, ni da gwangwanin Kaka

Yau kam na sha kunya a Birni, bari in rubuta tunda kuran (wutar lantarki) ya dawo kafin barci ya kwashe ni.

Da safe ina shan koko Kaka ta ƙwala min kira, wai "maigida zo ka yi amfani yau dai", ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ciki ƙullin tsumma, cikin tsumman kuɗin azurfa guda shida. Wai in kai ma maƙeri ya narke su ya yi ma ƙanwata warwaro tunda biki ya matso. Biyu liyari ne, masu hoton matar nan mai jiki, bayansu mikiya mai kai biyu. Huɗu kuma dalar Faransa ce ta da, mai ƙato da gemu tsaye tsakanin mata biyu, an rubuta 5 FRANCS, wato irin dalar da har yau muke ƙirga kuɗi da sunanta.

To ni kwanakin nan na cika kallon bidiyo a Facebook na masu tara tsoffin kuɗi, waɗanda suke neman tsabar da aka yi kuskure wurin bugunta tun a gidan buga kuɗi, sai ka ga abu bai kai ya kawo ba amma ana ta rububinshi. Shi ne na ce bari in duba kafin wuta ta ci su. Na ɗauki dala ɗaya mai 1873, na juya ta gefe kamar ana buɗe shafi, sai ga bayan kai ƙasa ƙafa sama! Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na duba liyarin kuma na ga 1780, na ce shikenan, shekara sama da 240, Allah ya kashe ya ba mu. Har na fara lissafin moto.

Na hau kabu-kabu, ga cunkoson Alhamis ta wajen Kasuwar Dole, da ƙyar muka ratsa. Maƙerin tsoho ne, tun ina yaro yake ma gidanmu aiki. Na gaishe shi na ce Baba duba min wannan, an buga ta a juye. Bai ce min uffan ba, ya karɓi sauran ukun ya juya su ɗaya bayan ɗaya a gabana, duka a juye suke. Ya ce "ɗana, tunda nake narka dalar nasara ban taɓa ganin wadda ba haka take ba." Yaran maƙerar sai dariya. Ashe haka Faransa ta riƙa buga kuɗinta na da da gangan, in ka juya daga sama zuwa ƙasa sai bayan ya tsaya daidai, kuskuren shi ne ka samu wadda ta karkace ko wadda ta saɓa ma ƴan uwanta. Shi kuma liyari, sarauniyar Ostiriya ce a jiki, Mariya Tereza, ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canza ba, a Biyana babban birnin Ostiriya da Landan da Paris da Roma har da Bombay, kuma har yanzu ana buga shi a Biyana. Wato 1780 ɗin nan ba ta nuna tsufan komai.

Ban haƙura ba dai. Akwai dala ɗaya da gefenta ya gutsure, na ce to wannan fa, don na ga irinta a bidiyo, wadda injin yanka ya ci gefen faifan tun kafin a buga. Baba ya ba ni gilashin nan na masu gyaran agogo ya ce in duba da kaina. Sawun zarto ne reras a wurin, wani maƙeri ne can baya ya yanki kaɗan ya yi lahami da shi. Ta gaske in aka yanke ta tun asali, bakin wurin sumul yake, kuma in ka duba ɗaya gefen da ke fuskantar yankan za ka ga bakin tsabar bai tashi sosai ba, saboda injin da ke tada baki bai samu abin matsawa ba. Tamu ɗaya gefen lafiya lau.

Liyari ɗaya kuma jabu ne ma. Ya ɗora a ma'auni, na kirki giram 28 ne, wannan 22. Ya sake shi a kan uwar maƙera, maimakon ya yi ƙarar nan mai tsawo sai ya yi ƙwas kamar murfin kwalba, ga ƴan ramuka a fuskar matar irin na abin da aka zuba a tukunyar ƙira. Allah kaɗai ya san wa ya cuci Kaka ko uwarta da shi.

Muna shirin tashi ne na lura da wani siririn layi a dala ta huɗu, ya taso daga baki ya ratsa ta cikin haruffa biyu. Na ɗauka karce ne. Baba ya sa farce ya bi shi a hankali, ya sake bi, ya ce "wannan ba ciki ya shiga ba, waje ya fito." Na shafa ni ma, kamar jijiya a bayan hannun tsoho. Nan ne kaina ya ɗauki haske, don tsaba tsakanin hatimin ƙarfe biyu ake matse ta, in hatimin ya gaji ya tsage sai azurfa ta kutsa cikin tsagar ta fito a tashe. Karce kuwa rami yake yi, ya yanka ta kan harafi. Shi Baba bai taɓa kallon bidiyo ko ɗaya ba, amma ya san ba hannun mutum ke ƙara ma ƙarfe tudu ba sai da wuta, kuma babu alamar wuta a jiki. Irin wannan tsagar ƙarama ce, ba wani kuɗin kirki take ƙarawa ba, balle Kaka ta sha dirje ta da toka da lemun tsami har ta yi ƙwal, masu tarawa kuwa ba sa son wadda aka goge. Amma dai ita ce ta gaske guda ɗaya a cikin gwangwanin.

Na bar mishi huɗu, na dawo da jabun da mai jijiyar. Kaka ta ce warwaron zai yi siriri kenan, in dai ina son dalar sai in biya kuɗin giram 25 na azurfa, ba ta san wani hatimi ba. Mun tsaya a kan sai ƙarshen wata in an yi albashi, ta karɓe abarta ta mayar cikin tsumma ta ce sai ta ga kuɗi a hannu.