Fim ɗin da kotu ta ce a ƙona

Shekaranjiya da dare an ɗauke wuta tun magariba, zafi ya hana ni barci, sai na ce bari in kalli wani tsohon fim da na sauke a waya ya fi wata biyu ban taɓa shi ba. Nosferatu, na Jamus, 1922. Babu mai magana a ciki, sai dai a ɗan nuno rubutu a wuce, hoton ma dishi-dishi. Wallahi kafin ya ƙare sai da na tashi na kunna tocila.

Ni fa na kalli finafinan ban tsoro na yanzu da yawa, duk dabararsu ɗaya ce, a yi shiru sai kawai a buga maka ƙara ka zabura, minti biyu ka manta. Wannan kuwa ba ruwansa da zaburar da kai, a hankali yake shiga jikinka. Max Schreck ne ya fito a Count Orlok, dodon fim ɗin mai shan jinin mutane, kai ƙwal ba gashi, kunnuwa masu tsini, haƙoran gaba biyu irin na ɓera, ga farata zaƙo-zaƙo. Akwai inda ya miƙe daga akwatin gawa a cikin jirgin ruwa, a sandare kamar an ɗaga katako, ko gwiwa bai lanƙwasa ba, ɓeraye na ta fitowa daga akwatunan da ya ɗauko.

Amma wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne matakala. Orlok ɗin ma ba a nuna shi ba, inuwarsa ce kawai a bango tana hawa, yatsu sun miƙe wajen ƙofa, sannan inuwar hannun ta bi ta kan farar rigar Ellen, matar da yake farauta, ta damƙe daidai zuciyarta, ita kuma ta banƙare don azaba. Na mayar da wurin nan baya sau uku. Ya tuna min lokacin da kakata ke mana tatsuniyar Dodo, aci-balbal na kaɗawa inuwarta na girma a bangon ɗaki, muna ta matsowa jikinta.

Daraktan, F.W. Murnau, da rana tsaka ya ɗauki wuraren da ake nufin dare ne, sai aka rina fim ɗin shuɗi don ka gane dare ya yi. Kuma a sinima ba tsit ake kallo ba fa, makaɗa ne ke zaune suna kiɗa ana haskawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne saura ƙiris da ba mu gan shi ba. Labarin Dracula na Bram Stoker suka ɗauka ba izini, suka canza sunaye kawai, matarsa Florence (shi ya rasu tun 1912) ta maka su a kotu, a 1925 aka yanke hukunci a lalata duk kwafin da ke akwai. Gaskiya tana da hakkinta, ban ga laifinta ba. Allah dai ya sa wasu kwafin sun riga sun tsallaka wasu ƙasashe, su ne suka tsira. Da yawa ba su yi wannan sa'ar ba, don fim ɗin wancan zamani abu ne mai saurin kamawa da wuta, fim ɗin London After Midnight na ɗan wasa Lon Chaney na 1927 kwafinsa na ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar ma'ajiya a 1965, yanzu hotuna kawai suka rage.

Ko mutuwar mai shan jini da fitowar rana ma da kowa ya saba gani, a littafin Stoker rana ba ta kashe shi, wannan fim ɗin ne ya kawo ta. Ellen ta riƙe shi har zakara ya yi cara, ya ɗago kai a firgice, haske ya shigo ta taga, ya dafe ƙirji ya narke, sai ɗan hayaƙi a ƙasa.