Kayan agajin gaggawa da ya kamata a ajiye a gida da cikin mota

A yawancin gidajenmu na Maradi, in aka ce a kawo akwatin magani, abin da za a tarar bai wuce farasetamol da auduga da kwalbar Bétadine ba. Waɗannan sun isa ga yankan wuƙa ko ƙujewar gwiwar yaro: a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a shafa maganin, a rufe da filasta. Ƙuna kuwa ruwan sanyi take so, a yi ta kwarara mata har minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne babban rauni, domin zubar jini kan kashe mutum cikin 'yan mintoci, alhali jinin jikin baligi duka bai wuce kimanin lita 5 ba. Duk mai bin hanyar Ɗan Isa ko ta Dakwaro ya san yadda ake yi idan ɗan kabu-kabu ya faɗi: jama'a su kewaye shi suna salati, wani ya ɗebo ƙasa, wani bakanike ya miƙo man birki. Niyyarsu alheri ce, amma ƙasa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, man birki kuma lalata nama yake yi.

Abin da ake buƙata a nan shi ne safar hannu ta roba, da ƙyallen rufe rauni na farmasi mai yawa, da bandeji mai faɗi, da almakashin yanke tufafi. A danne raunin da ƙarfi ba sassautawa. Idan ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kansa, kada a ɗaga na farko. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, sai a ɗaure tamau da maɗauri mai faɗi, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, a rubuta lokacin saboda likita. Kada a ba mai raunin asfirin, domin tsinka jini yake yi.

Kowane direban tasha, a ganina, ya kamata ya je ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ya koyi wannan ɗauri da hannunsa. A riƙa kuma duba kayan, domin zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana busar da filasta da safar hannu a cikin mota. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, a rubuta ta a murfin akwatin.