Tarihin Oscar Traynor, kashi na shida: rigimarsa da babban limamin Dublin

Makon jiya mun bar Traynor, ɗan siyasar ƙasar Ailan, a 1948. Jam'iyyarsa ta Fianna Fáil ta rasa mulki, ya sauka daga kujerar ministan tsaro, sai ga shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ailan, FAI, ya faɗo hannunsa.

Kada ku ɗauka wurin hutawa ya samu. A wancan zamani ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA tana ganin ƙwallon ƙafa wasan barikin sojan Ingila ne. Ɗanta da aka kama yana bugawa, kai ko kallo ya je, dakatar da shi ake yi. To amma wa ya isa ya kira Traynor karen farautar Ingila? Mutumin da ya riƙe bindiga a otal ɗin Metropole a boren da aka yi wa mulkin Ingila a Dublin a 1916, aka tsare shi a sansanin fursunoni na Frongoch da ke Wales, kuma dakarunsa na Dublin ne suka banka wa babban ofishin kwastan wuta a Mayun 1921. Shi ne dai golan Belfast Celtic daga 1910 zuwa 1912.

Ashe babbar rigimar daga coci za ta ɓullo. A 1955 aka shirya wasan sada zumunci da Yugoslabiya a filin Dalymount Park. Babban limamin Katolika na Dublin, John Charles McQuaid, ya ce bai yarda ba, don gwamnatin gurguzu ta Tito, shugaban Yugoslabiya, ta ɗaure Kadinal Stepinac, babban limamin Katolika na Zagreb. Shi kuwa McQuaid, in ya yi gyaran murya ministoci ma kan shiga taitayinsu. Nan da nan gidan rediyon gwamnati ya fasa watsa wasan, masu badujalar soja suka janye, shugaban ƙasa Seán T. O'Kelly ya ƙi zuwa.

Traynor ɗan Katolika ne, kuma ɗan majalisa mai neman ƙuri'ar Katolika, amma ya kafe sai an buga. Ni a ganina wannan ya fi ƙona kwastan wuya, don a 1921 da baƙo yake faɗa, wannan karon kuwa da na gida ne.

Ranar 19 ga Oktoba mutum sama da 20,000 suka ratsa masu zanga-zanga a bakin ƙofa suka shiga fili. Yugoslabiya ta lallasa Ailan da ci 4 da 1.

Mako mai zuwa za mu shiga 1957, lokacin da tsohon fursunan Frongoch ya zama ministan shari'a, gwamnatinsu ta koma tsare 'yan IRA, ƙungiyar masu ɗaukar makamai don haɗe kan Ailan, a sansanin Curragh ba tare da an kai su kotu ba.